Zan ajiye tirelar kwana a gindin madacin gonata, ko akwai matsala?

Manomin_Rani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san itatuwa da waɗanda suka saba kwanan daji. Na sayo irin tirelar nan mai ɗaki a ciki da ake ɗaurawa a bayan mota a ja, ta hannu ce 'yar Kwatano. Akwai gado a ciki da ɗan wurin girki. Dalilin sayenta, shinkafar ranina da ke fadamar wajen Wamakko ta kusa isa yanka, kuma bara an yi mini ɓarna da dare, har injin ban ruwa aka ɗauke. Bana ina so ni da yarona mu riƙa kwana can har a yanke a buge a kwashe.

Abin da ya dame ni zafi ne. Kun dai san Sakkwato a watan Afrilu. Idan tana fili, kafin azahar ba ka iya ɗora hannu a jikinta, cikinta kuwa ko da dare ya yi bai gama hucewa ba. A gonar akwai wani ƙaton madaci kusa da rijiya tun zamanin kakanmu, inuwarsa ta isa ta rufe tirelar da motar gaba ɗaya. Akwai kuma gawo a tsakiyar gona, da layin itatuwan turare a kan iyakata da maƙwabci. Niyyata in tura ta gindin madacin. Sai uwargida ta ce hankalinta bai kwanta ba, wai reshe yana iya faɗo mana muna barci. Ni kuma gani nake itacen da ya yi shekara da shekaru a tsaye, ɗanye shar, ba a kaina zai fara zubar da rassa ba. Me kuka gani?

Abu_Gwiwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka Alhaji. Ka shige inuwarka kawai. Duk garin nan a gindin dogon yaro muke ajiye motoci, masu shayi da masu faci da 'yan majalisa duk a gindin itace suke yini. Da haka kawai rassa ke faɗowa da tuni an daina zama.

Baba_Direba:
Ɗana, ka ji maganar uwargidanka. Tun ina yaron mota nike kwana bisa hanya, Illela, Ƙonni, Jega, Kwantagora, kuma abin da maigidana yaf fara koya min shi na in ɗaga kai in dubi sama kahin in kashe mota. Wata shekara munka yada zango a wata tasha, babu hadari babu iska, wani abokin aikinmu yaj jingina motatai gindin wani babban madaci. Wajen asuba munka ji wata ƙara mai tsanani, kowa yat tashi a firgice. Ashe reshe guda na yat tsage daga uwar iccen yad danne kan motar, yal lotsa ruhin har bisa sitiyari. Allah ya sa mai motar shina can gehe bisa tabarma saboda zahi. Kuma wagga babbar mota ta, ta ƙarhe. Taka da kac ce, da mi anka yi ruhinta?

Injiniya_Sk:
Baba ya yi tambayar da ta dace. Irin waɗannan tirelolin da gangan ake yin su marasa nauyi don ƙaramar mota ta iya jansu. Rufin yawanci ɗan siririn alminiyom ne ko fiba ko shimfiɗar roba, a ƙarƙashi filawud mara kauri da soso mai tare zafi, sai 'yan sanduna da suka riƙe su. An yi shi ne don ruwan sama da rana. Wasu ma ba a yarda mutum ya hau ya yi tafiya a kansu ba.

Bari mu yi lissafi. Ɗanyen itace mai nauyi irin madaci, kubik mita ɗaya yana kusan kaiwa tan guda. Reshe mai kaurin santimita 30, wato ƙafa ɗaya, mai tsawon mita 5, zai kai wajen kilo 300, ban da ƙananan rassa da ganyen da ke jikinsa. Buhun siminti 6 ke nan. Idan ya taso daga tsayin mita 8, zai iso ƙasa da gudun da ya kai kilomita 45 a awa. Kuma ba a shimfiɗe yake sauka ba, sau da yawa bakin da ya karye ne ke fara sokowa. Alhaji ka duba inda gadonka yake a cikin tirelar, ka duba abin da ke tsakanin fuskarka da sama.

Abu_Gwiwa:
Injiniya ban musa lissafinka ba. Amma ai sai reshen ya faɗo tukuna. Mutumin nan ya ce itacen ɗanye ne. Busasshe ne ke karyewa.

Malamin_Daji:
Malam Abu, a nan ne mutane da yawa ke samun matsala. Busasshen reshe ko da yaushe abin tsoro ne, amma shi aƙalla ana ganinsa. Akwai wani hali da manyan tsofaffin itatuwa ke yi wanda masu aikin gandun daji suka daɗe da saninsa a Ingila da Amurka da Ostireliya: reshe ɗanye mai cike da ganye, musamman dogon da ya miƙe a kwance nesa da uwar itacen, sai ya ɓalle ya faɗo a lokacin tsananin zafi, babu iska ko kaɗan. An fi ganin haka da rana tsaka zuwa yamma, ko bayan an daɗe ana fari sai aka sami ruwa. Masana ba su haɗu a kan dalili guda ba, wasu na danganta shi da yadda ruwa ke sauyawa a cikin itacen, wasu da tsohuwar tsaga ta ciki da ido ba ya gani. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne ba ya yin sallama.

Turaren nan da muke dasawa a arewa don tare iska, yawancinsa irin da ke fitowa a bakin kogunan Ostireliya ne, kuma can hukumomin gandun daji suna gargaɗin masu kwanan daji ƙarara da kada su kafa tanti ko su ajiye mota a ƙarƙashinsa. A Amurka ma, cikin watan Agusta na 2015, a gandun Yosemite, reshen wani babban itace ya faɗo kan tanti da asuba ya kashe yara 2 suna barci, a wurin da aka keɓe don kwana kuma ma'aikata ke kula da shi.

Sannan akwai bambanci tsakanin mai shayi da Alhaji. Mai shayi idonsa biyu, idan ya ji ƙarar tsagewa zai iya zabura. Mai barci a cikin rufaffen ɗaki da fanka tana juyawa ba zai ji komai ba. Kuma shi ba awa ɗaya zai yi ya tashi ba, makonni zai yi a wuri guda dare da rana, daidai lokacin da hadarin farko ke tasowa.

Hajiya_Mabera:
Alhaji don Allah ka saurari baiwar Allah nan. Mu mata mu ake bari a gida da zullumi. Ni ko reshe ma ba sai an kai ga shi ba. Mun je biki wani ƙauye, direbanmu ya ajiye mota kusa da giginya don 'yar inuwar da ke wurin, ɗan giginya guda ya faɗo ya farfasa gilashin gaba, ya yi rami a tsakiya. Ina tsaye da jikata a hannu, bai fi taku uku tsakaninmu da wurin ba. Tun daga ranar ko tabarma ba na shimfiɗawa sai na ɗaga kai.

DanKware:
To me zai hana ya koma gindin gawon? Yanzu ne ma gawo ke da ganye, inuwarsa mai sanyi ce, kuma bai kai madaci nauyin rassa ba.

Jauro_Tureta:
DanKware, gawon da ke cikin gona da wuya ka sami wanda ba a taɓa sare wa kai ba. Mu makiyaya mun fi kowa sani, don mu ke hawa da rani mu saro wa dabbobi ganye. Inda aka sare, sabbin rassa kan fito da yawa a gefen kututturen, su yi tsawo da sauri. Waɗannan ba su da riƙo. Ba daga zuciyar itacen suka fito ba, a bayan ɓawo suke liƙe, shi kuma kututturen da aka sare yana ruɓewa daga ciki. Duk yaron da ya iya hawa ya san ba a ɗora ƙafa a kansu. Ga kuma ƙaya, tayar tirelarka ba za ta ji daɗin gindin gawo ba.

Mu a gidanmu ba a kwantar da shanu gindin dogon itacen da ke tsaye shi kaɗai idan damina ta kusa, saboda tsawa. Kakana ya ga garken da ta kwantar a dare ɗaya.

Malamin_Daji:
Jauro ya faɗi abin da ke cikin littafi, kuma shi da hannunsa ya sani. In ƙara abu ɗaya game da gawo: shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi toho. Don haka wanda ya je duba gawo a watan Agusta ba zai bambance mataccen reshe da mai rai ba, duka tsirara suke. Yanzu ne lokacin dubansa. Kuka kuma akasin haka, yanzu ba ta da ganye, sai ruwa ya kusa.

Sani_Kalambaina:
Ni fa duk wannan dogon bayani ban ga amfaninsa ba. Wanda kwanansa ya ƙare ko cikin gidan siminti yake sai ya tafi. Alhaji ka yi addu'o'inka ka kwanta.

Ustaz_RunjinSambo:
Malam Sani, ajali gaskiya ne, babu mai ja. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya koya mana riƙo da sababi. Hadisin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali sananne ne, Tirmizi ya ruwaito, aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Akwai ma wanda ya fi kusa da maganarmu a cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci matafiya idan za su yada zango da dare su kauce wa hanya, domin nan ne dabbobi ke bi kuma miyagun ƙwari ke taruwa. Ka ga zaɓen wurin kwana a daji abu ne da aka yi mana magana a kansa. Kuma Alhaji ba shi kaɗai zai kwana ba, akwai yaro tare da shi, amana ce a wuyansa.

Sani_Kalambaina:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma zafin nan ma yana kisa. Digiri 40 da wani abu a waje, cikin akwatin ƙarfe fa? Kada a tsere wa reshe a faɗa wa wani abin.

Nasiru_Achida:
Ku yi haƙuri in kauce kaɗan. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba itacen ba ne, kwanan dajin ne kansa a wannan zamani. Mu da ke gabas mun san abin da muke gani, akwai gonakin da masu su suka haƙura da su gaba ɗaya. Farar tirela a tsakiyar fadama daga nesa ake hango ta, kuma duk wanda ya gani zai ce mai kuɗi ne a ciki.

Manomin_Rani:
Malam Nasiru na gode, Allah ya kawo muku sauƙi, ya kawo mana gaba ɗaya. Gonar tana jikin gari, ana jin kiran salla daga can, kuma akwai masu gadin wasu gonakin da muke haɗa kai da su. Na sanar da mai gari ma. Ɓarayin da nake gudu 'yan sane ne na buhu da inji. Ina karanta duk abin da kuke rubutawa. Maganar Malam Sani ta ƙarshe ita ce damuwata, idan na bar inuwar ina zan sa kaina?

Malama_Arkilla:
Alhaji akwai hanyar da za ka ci inuwar ba tare da ka shiga ƙarƙashin rassan ba. Ni labarin ƙasa nake koyarwa. Hadarin da ke zo mana a farkon damina, daga watan Mayu zuwa Yuni, kusan kullum daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, kuma iskar da ke gabansa ita ce mai ɓarna. Kowa ya san yadda take: gari ya yi tsit, gabas ta yi ja ko baƙi, sai ƙura ta taso da ƙarfi kafin ɗigon farko ya sauka. Wani lokaci ma iskar ce kawai, ruwan ba ya zuwa. Ita ke kwashe kwanon gidaje da turakun lantarki duk shekara.

To idan ka ajiye tirelar a gabas da madacin, ka fita daga ƙarƙashin rassansa gaba ɗaya, ka sami abu biyu. Iskar hadari za ta tura abin da ya karye ne zuwa yamma, nesa da kai. Kuma da rana ta karkata, inuwar itacen gabas take miƙewa, ta zo ta same ka inda kake.

Ustaz_RunjinSambo:
Malama ta tuna mini da karatun lokutan salla. Ai alamar shigar la'asar ita ce inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire 'yar inuwar da ta rage lokacin zawali. Ke nan idan madacin ya kai mita 15, da la'asar inuwarsa ta yi mita 15 wajen gabas, daga nan kuma sai ƙaruwa har magariba.

Injiniya_Sk:
Shawarar Malama tana da kyau amma a yi hattara da abu biyu. Na farko, a Afrilu da Mayu rana a tsakar ka take bi a Sakkwato, don haka daga hantsi har bayan azahar inuwar tana nan a gindin itacen, ba za ta zo maka ba. Lokacin da aka fi buƙatarta ke nan. Na biyu, iskar hadari takan juya, ba a rantse mata. Fita daga ƙarƙashin rassa yana kare ka daga reshen da ya faɗo tsaye. Idan kuwa itacen ne gaba ɗaya zai tuge, to sai ka nisance shi fiye da tsayinsa. Kuma ƙasar fadama da ake ban ruwa kullum a jiƙe take, saiwa ba ta samun riƙo irin na tudu.

Game da tsawar da Jauro ya ambata, idan ta sauka kan itace takan yi tsalle zuwa abin da ke kusa, ko ta bi ƙasa. Motar da jikinta duka ƙarfe ne tana ba da kariya idan an rufe gilasai. Tirelar fiba ba ta ba da wannan kariyar. Idan hadari ya taso da dare, kai da yaron ku koma cikin motar, motar kuma ta kasance a fili.

Kafinta_Marina:
Alhaji, maganin zafin rana tsaka rumfa ce, kuma ba ta da tsada. Ka kafa dirkoki shida masu ƙarfi, ka binne su sosai, ka ɗora zana ko karan dawa a sama, ka bar tazarar kamar ƙafa 2 tsakanin rumfar da rufin tirelar don iska ta riƙa ratsawa. Wannan tazarar ita ce sirrin. Ka saki wata zanar ta sauko ta ɓangaren yamma. Ko iska ta kwashe ta, kara ne, ba zai fasa maka rufi ba. Kada ka sa kwano sai in za ka ɗaure shi ɗaurin gaske, kwanon da iska ta ɗauka ya fi reshe haɗari. Girki kuma a yi shi a waje nesa da rumfar, tukunyar gas a inuwa, don busasshen kara da wuta ba sa haɗuwa. Idan akwai sola a kan rufin sai ka sauko da ita ka kafa mata wuri a fili.

Abu_Gwiwa:
Duk wannan wahalar, ba gara a kira masu sara su sauke manyan rassan ba? Ko a kayar da shi ma a huta, katakon madaci kuɗi ne.

Hajiya_Mabera:
Haba Abu! Itacen da kakansa ya bari? Saboda kwanan wata ɗaya?

Baba_Direba:
Abu, kai yaro na, ba ka ga hanyoyin ƙasag ga ba lokacin da icce ke rufe su. Yanzu ka tai wajen Gada ko Tangaza ka ga yadda rairayi ke cin gonaki. Gwamnati tana kashe kuɗi tana dashe don tare hamada, kai kana cewa a kada wanda yag girma. Iccen bai yi laihin komi ba, inda Allah yat tsai da shi nan yake. Mai taya shi ka gusawa.

Malamin_Daji:
Kayarwa kam babu dalilinta, kuma babban itace irin wannan ko a gonarka yake ya kamata ka tuntuɓi malaman daji na ƙaramar hukuma kafin ka sa masa gatari. Sassabe kuma idan za a yi, a cire matattun rassa da waɗanda suka tsage kawai. Idan aka yi masa aski gaba ɗaya, an koma maganar Jauro, bayan 'yan shekaru rassan da za su fito sun fi na yanzu haɗari. Kuma a sami wanda ya iya: a fara ɗan yanka ta ƙasan reshen, sannan a yanke ta sama a ɗan gaba, sai a dawo a gyara kututturen kusa da uwar ba tare da an shafe kumburin da ke gindin reshen ba. In ba haka ba reshen zai yage ɓawo ya sauko da shi, ruɓa ta sami ƙofa.

Alhaji kafin komai ka je da safe ka zagaya shi a hankali. Ka fara da ƙasa: akwai tsofaffin rassan da suka faɗo a wurin? Itacen da ya taɓa yarwa zai sake. Ƙasa ta kumbura ko ta tsage ta gefe ɗaya? An taɓa haƙa magudanar ruwa kusa aka datse saiwa? Ka dubi gindin ko akwai tabon wuta, don masu ƙona ciyawa da masu cin zuma suna yi wa itatuwa illa sosai. Ka duba ginin gara a jikinsa, da laimar kwaɗi ko wani abu mai kama da faranti da ya tsiro a jikin itacen, wannan alamar ruɓa ce a ciki. Madaci kuma yana da tasa matsalar, masu magani ba sa barin ɓawonsa, wani za ka tarar an sassaƙe shi har ya kusa zagayowa. Ka buga jikinsa da bayan gatari ka saurara, mai kogo amonsa daban ne. Sannan ka ja baya ka ɗaga kai: reshen da ya karye ya maƙale a sama, reshen da kauci ya cika, da inda manyan rassa biyu suka rabu a matse da tsaga a tsakaninsu. Amma ka riƙe maganata ta farko, ko ba ka ga komai ba, wannan ba izinin kwana a ƙarƙashi ba ne.

Aminu_Inshora:
Wani abu da ba a taɓo ba. Takardar inshorar da yawancinmu ke yanka, wadda ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya. Idan itace ya faɗo wa motarka ko tirelarka ba ruwanta. Sai mai cikakkiyar inshora, shi ma ya karanta takardarsa ya tabbatar tirelar tana ciki, don ba dole ba ne ta motar ta haɗa da abin da take ja. Kuma kayan gyaran irin wannan tirelar ba a kasuwar nan suke ba. Ko ƙaramin reshe ne ya fasa murfin iskan da ke sama, ruwa ya sami hanya, damina ɗaya ta isa filawud ɗin ya ruɓe.

DanKware:
Ban da kashin balbela da jemage. Wanda ya taɓa barin mota gindin itacen da suke kwana ya sani.

Manomin_Rani:
Jama'a na dawo daga gonar. Malamin_Daji na bi abin da ka ce ɗaya bayan ɗaya. Ta ɓangaren yamma an sassaƙe ɓawon daga gwiwa har sama da kaina, faɗinsa ya kai tafi uku, wurin ya yi baƙi, gara ta yi gini a ciki. Da na buga nan amon ba irin na sauran jikin ba ne. A sama kuma akwai wani busasshen reshe mai kaurin cinyata da ya karye ya kwanta kan ɗan uwansa, ganye ya rufe shi, sai da yarona ya nuna mini. Daidai inda na yi niyyar ajiye tirelar yake.

Na fasa shiga ƙarƙashi. Kafinta_Marina zan neme ka kan maganar rumfa. Amma ga wata sabuwa: idan na bi shawarar Malama na koma gabas da madacin, to layin turaren maƙwabcina yana gabas da ni ke nan, iskar hadari kaina za ta turo shi. Dogaye ne sosai kuma a bakin magudanar ruwa suke. Tsakanin madacin da turaren bai fi taku 40 ba.

Malama_Arkilla:
To wannan ya sauya lissafi. Kudu ko arewa da madacin fa, babu fili?

Manomin_Rani:
Arewa shinkafa ce har gindinsa. Kudu akwai ɗan tudu inda muke shanya, amma babu inuwa ko ta kara, kuma daga can ba na hango injin.

Injiniya_Sk:
Taku 40 na babban mutum wajen mita 30 ne. Ka auna tsayin turaren da dabarar Ustaz: da shigar la'asar ka taka inuwar mafi tsayinsu daga gindi zuwa ƙarshe, abin da ka samu shi ne kusan tsayinsa. Idan sun kai mita 20, ka cire faɗin rassan madacin, za ka ga babu wurin da ya rage a tsakani. Ni tudun nan na kudu zan zaɓa, in yi rumfa, injin kuma a riƙa ɗauko shi da yamma.

Abu_Gwiwa:
Ni dai har yanzu ina ganin idan an sauke wancan mataccen reshen an gama magana. Amma tunda gara ta shiga gindin, ban ce komai ba.

Jauro_Tureta:
Alhaji ko ba ka kwana wurin ba, a sauke reshen nan da ya maƙale kafin masu yanka su zo. Duk gindin madacin za su taru cin abinci da azahar, da mata masu kawo fura da 'ya'yansu. Ka sa a yi shi da igiya daga ƙasa in zai yiwu, kada kowa ya hau ta ɓangaren da aka sassaƙe.

Baba_Direba:
Kuma ka yi ma maƙwabcinka magana kan turarenai, shi ma yana da mutane cikin gona. Injin nan naka mai inci nawa na? In ƙarami na, mutum biyu sun ɗauke shi su kai tudu.